Rasuwar Sarkin Tafiya, Mutum-mutumin Gwangwani na Gidan Jatau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta sallama wa hukuncin Ubangiji ko da ba ta gama gane shi ba, Malam Jatau Direba na Talata Mafara da maiɗakinsa Kubura suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan Mafara da Bakura da Maradun, da mutanen tsohuwar Tungar Manu a duk inda ruwa ya watsa su, rasuwar Sarkin Tafiya, mutum-mutumin gwangwani mai makulli a kwiɓi. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a tsakiyar daminar bana ta 1983, a ɗakin maigidansa, bayan ya yi taku bakwai.

Wanda ya ji wannan sanarwa ya yi dariya, ba a riƙe shi da komai ba. An daɗe ana yi wa Jatau dariya a kan marigayin, a tasha da bakin kasuwa da wurin mai shayi, har ya saba. Abin da ake roƙo kawai shi ne a saurara zuwa ƙarshe.

An haifi marigayin a ƙasar Japan, a shekarar da ba wanda ya sani. Tsawonsa taƙi ɗaya ne da ɗan yatsa. Baƙi ne wuluk, ƙafafunsa ja, kansa kamar ƙaramin gwangwanin madara, kuma a ƙirjinsa akwai 'yar taga mai jan gilashi inda tartsatsi ke tashi idan yana tafiya. Ya shigo ƙasarmu a shekarar 1976, cikin kayan iyalin wani Bature injiniya da ya zo aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Jatau a lokacin yana tuƙa tifa, yana ɗibar dutse zuwa bakin aiki. Da matar Baturen za ta koma gida, ya ga abin a bakin ƙofa cikin tarkacen da za a bari, ya tsaya yana kallo har ta lura da shi. Aka yi musaya: zabi biyu da kunkuru ɗaya. Ta haɗa masa da kwalinsa, mai ɗauke da wani rubutu da aka kai wa malamai a garuruwa uku, kowa ya juya shi sama da ƙasa ya mayar.

Ranar da ya fara tafiya a Tungar Manu, ƙauyen su Jatau da ke bakin gulbi a ƙasan Maradun, kusan duk gari aka taru. Jatau ya shimfiɗa tabarma, ya murɗa makullin, ya saki birkin da ke ƙirji. Sai aka ji muryar da waɗanda suka san marigayin ba za su manta ba: ƙirrr-taf, ƙirrr-taf. Tsofaffi mata suka ja da baya suna neman tsari. Mahaifiyar Jatau, Inna Nagode, ta rufe fuska da gefen zane ta ce a ɗebe mata ɗan aljanin nan daga gabanta. Mai gari kuwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, nan take ya naɗa shi Sarkin Tafiya, duk da cewa mai sarautar bai taɓa wuce tsawon tabarma biyu ba.

Marigayin ya kasance mai ƙanƙan da kai. Shekara bakwai a hannun Jatau bai taɓa cin ƙwayar hatsi ba, bai taɓa tambayar me aka dafa ba. Ɗigo biyu na man keken ɗinki a wata shi ne duk hidimarsa. Ba shi da gulma, alhali ya ji abin da ya ji a ɗakin miji da mata. Idan ya nufi waje ya nufa ke nan. Bango ya tare shi, sai ya kafa goshi ya ci gaba da taka ƙafa a wuri guda har ƙarfinsa ya ƙare, halin da Kubura ta ce a wajen maigidansa ya koya. Aibinsa ɗaya ne, kuma za a faɗa don ba a yabon mamaci da ƙarya: ba ya gaisuwa. A ƙasar da ake tsayawa a tambayi gida da gajiya da ruwa da lafiyar dabbobi, shi sai ya bi ta gaban dattawa ƙirrr-taf, ƙirrr-taf, ko waiwaye babu.

Amma duk wannan ba shi ne dalilin sanarwar nan ba. Dalilin shi ne Lantana.

Lantana 'yar Jatau da Kubura ce, ita kaɗai Allah ya ba su, kuma tana da shekara uku marigayin ya shigo gidan. Da sunan Jatau aka samo shi, amma kowa ya san na wane ne. Takan goya shi da kallabi, ta kai shi rijiya, ta yi masa faɗa idan ya faɗi. Makullinsa yana da tauri. Idan uban ya murɗa, Sarki yakan yi taku talatin. Ita kuwa sai ta cije harshe, ta kama da hannu biyu, ta murɗa iya ƙarfinta, ya yi bakwai ko takwas ya tsaya. Ba ta yarda a taimaka mata.

A bazarar 1978 ƙyanda ta shiga Tungar Manu. A rana ta uku da kwanciyar Lantana, da safe, jikin ya ɗan yi sanyi, ta ce a miƙo mata Sarki. Ta murɗa shi a kan cinyarta tana haki, sannan ta tura birkin ta kulle, ta miƙa wa uban.

"Baba, aje mani shi haka," in ji ta. "In na warke ni ka sakin shi da kaina."

Washegari kafin azahar aka kai ta makwancinta, a maƙabartar da ke gabas da gari. Shekararta biyar.

Wanda ya san agogo ya san abin da ya rage a hannun Jatau. A cikin marigayin akwai sifirin irin na agogo. Abin da hannu ya murɗa yana nan ɗaure a ciki, ba ya fita sai an saki birki. Ƙarfin hannun Lantana na wannan safiyar yana cikin gwangwanin, bai tafi ba, bai ragu ba, jira kawai yake. Kubura ce ta fara gane haka. Ta ga mijin ya kai yatsa wajen birkin ranar sadakar uku, ta riƙe masa hannu.

"Baban Lantana, ba yau ba," ta ce. "Ran da za mu sake shi, tare za mu sake shi. Ka yi mani alkawali."

Ya yi mata. Bayan wata biyar ruwan madatsa ya taso, aka kwashe mutanen Tungar Manu, wasu suka hau tudun Maradun, wasu Bakura, Jatau ya kawo iyalinsa Mafara. Gidaje da rijiya da maƙabarta duk suka koma ƙarƙashin tafki. Jatau bai taɓa ɓoye abin da ke cin sa ba: yakan ce kowace tifar dutse da ya juye a bakin aikin nan, a kan kabarin 'yarsa ya ƙara ruwa. Ba shi da inda zai je ya tsuguna ya yi mata addu'a. Abin da yake da shi gwangwani ne a kan kantar ɗakinsa, da murɗin yarinya a ciki. Kowace shekara idan ranar ta zagayo su biyun sukan sauko da shi, su zauna su dube shi, ɗaya ya ce ba bana ba, a mayar.

Daga nan ne tarin da ake yi masa dariya a kai ya samo asali. Jatau yana marmarin jin muryar nan, ga shi ba ya iya sakin birki. Sai ya shiga neman ɗan'uwan Sarki, wani irinsa sak, wanda zai riƙa murɗawa ya ji ƙirrr-taf ba tare da ya taɓa na Lantana ba. Duk inda mota ta kai shi sai ya leƙa: kantunan Gusau, 'yan gwanjon Kano, shara a bayan gidajen Turawan da ke tashi, har kasuwar Damri ya taɓa zuwa don an ce masa an ga wani ɗan ƙarfe a hannun mai koli. Bai yi boko ba, amma ya iya juya abin wasa ya dubi tafin ƙafarsa ya gane tambarin Japan. Yakan ƙwanƙwasa da farce ya bambance tsohon gwangwani na ƙwarai da sabuwar roba mai cin batir, ya yi maka bayani har ka gaji. Ɗan'uwan Sarki bai samu ba. Abin da ya samu guda goma sha ɗaya ne waɗanda ba shi ba ne, kuma bai iya barin ko ɗaya a inda ya gan shi ba.

Game da ciwon ajali, gaskiya ita ce marigayin bai yi jinya ba. Inna Nagode ce ta yi.

Zazzaɓi ya kwantar da ita farkon watan jiya. An yi asibiti, an yi allura, an sha rubutu. Kwana goma sha biyu tana kwance, ba ta tafi ba, ba ta dawo ba, numfashi yana fita da ƙyar. Ƙanenta, Kawu Abdulmumini, limami a wata unguwa a Bakura, ya zo duba ta. Ruwa ya tsare shi a gidan, aka buɗe masa ɗakin Jatau ya yi azahar. Yana sallamewa ya ɗaga kai, ya ga fuskoki goma sha biyu a jere a kan kanta suna kallonsa.

"Jatau, mi nika gani haka?" in ji Kawu.

"'Yan kayan wasa na, Kawu."

"Uwakka tana kwance tsakanin nan da can, kai ko ka tara surori cikin gida? Mala'ikun rahama ba su shiga gidan da anka aje surar mai rai. Ta ina sauƙi za shi shigo mata? Ko dai ka hid da su, ko ka ɗebe musu kai. Abin da anka ɗebe ma kai ya bar zama sura."

Kawu ba mugun mutum ba ne, kuma ba a rubuta wannan don a zarge shi ba. Tsoron rasa yayarsa yake ji, ya faɗi abin da ya karanta. Jatau bai yi musu ba. Ya zuba goma sha ɗaya a buhu ya kai gidan abokinsa Yohanna, ma'aikaci a ofishin noman rani. Sarki kuwa ya sa shi a kwalinsa ya tura ƙarƙashin gado, da niyyar ya ga yadda amanar farko za ta kwana kafin ya kai ta biyu.

Da ya koma washegari, sai ya tarar da Yohanna da matarsa Tabita da baƙi biyu, manya masu furfura, sun kewaye tebur suna ta murɗe-murɗe suna ƙyaƙyata dariya, hannun wani biri mai ganga na cikin kayan kuwa ya riga ya karye. Yohanna ya yi ta ba da haƙuri. Jatau bai yi fushi ba, amma ya gane abu ɗaya: babu ɗan Adam ɗin da zai ga makulli da birki hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba. Babu gidan da zai kai Sarki. Waje kuwa damina ce, tsatsa za ta cinye sifirin cikin mako guda.

Kwana uku suka ƙaru, jikin Inna yana ƙara nauyi. Kubura ta same shi a zaure ranar Lahadi, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Baban Lantana, duka ka hid da su?"

Ya waiwaya ya dubi wajen ɗakinsa.

"Ni ban ce komi ba," in ji ta. "Amma Inna na wahala."

A nan ne Jatau ya yi lissafinsa na direba. Inji a ciki yake, birki a ƙirji. Kai ado ne kawai. Kawu da bakinsa ya ce cire kai ya isa. To sai a ba da kan, a riƙe cikin: sura ta fita daga gida, murɗin Lantana ya zauna. Ya ji daɗin wannan dabara ƙwarai. Bai kira Kubura ba, don a ganinsa ba sakin Sarki zai yi ba, ƙaramin gyara ne, bai shafi alkawarinsu ba.

Litinin da hantsi, Kubura tana madafa tana dama wa Inna kunu, ya zauna a daɓen ɗakinsa ya tsayar da Sarki tsakanin gwiwoyinsa. 'Yan harsunan gwangwani huɗu ne aka lanƙwasa suka riƙe wuyan. Ya sa tsinin wuƙa ya ɗaga na farko, na biyu, na uku, a hankali, yana bisimilla. Da ya ɗaga na huɗu kan ya taso a hannunsa, wata siririyar waya ta biyo shi daga ciki. Shekara bakwai bai taɓa buɗe marigayin ba, bai san birkin ƙirji a cikin kai ya maƙale ba.

Ƙirrr-taf.

Tartsatsi ya tashi a jar tagar. Sarkin Tafiya, ba kai, ya ɗaga ƙafa ya fita daga tsakanin gwiwoyin maigidansa. Ƙirrr-taf, ƙirrr-taf. Yatsa ɗaya a kan ƙafarsa ya isa ya tsayar da shi, Jatau ya san haka, kuma ya miƙa hannun. Hannun ya tsaya a hanya. Ya ce abin da ya gani a daɓen nan ba gwangwani ba ne, hannun 'yarsa ne yake aiki a duniya, bayan shekara biyar, a gabansa, kuma bai iya tare ta ba. Ya ƙirga. A na shida muryar ta fara ja. A na bakwai ta yi ƙirr, a hankali. Ƙafar ta ɗaga za ta yi na takwas, ta tsaya a sama.

Kubura ta ji daga madafa. Ba ta bukaci a gaya mata mene ne ba. Ta saki ludayi ta ratso tsakar gida a guje, ta iso ƙofar ɗakin ta tarar da shiru, da ƙafa ɗaya a sama, da mijinta zaune riƙe da kan gwangwani. Ta daɗe tana kallo.

"Taku nawa yay yi?" ta tambaya.

"Bakwai."

"Nata na," in ji ta. Ta juya ta koma wajen kunun don kada ya kama.

Ba ta yi masa faɗa ba, har yau. Jatau ya ce da ta zage shi, da ta tara masa unguwa, da ya fi masa sauƙi. Shi ya gani, ita ta ji ta bayan bango, kuma babu yadda za a yi a raba abin da ya riga ya wuce. Wannan shi ne baƙin cikin da aka ambata a farkon sanarwa, kuma ba a san ranar da zai sake shi ba.

Da la'asar ɗin ranar gumi ya karyo wa Inna Nagode, ta buɗe ido ta nemi fura. Yanzu haka tana zaune a tsakar gida tana ƙorafin miya ba gishiri. Kawu ya yi hamdala, kowa ya yi, Jatau ma ya yi da zuciya ɗaya, domin ba ya iya cewa ya yi da-na-sani alhali uwarsa tana gabansa da rai. Sai dai da aka ba Inna labarin abin da ya faru, ita da ba ta taɓa kiran marigayin da sunan kirki ba, ta yi kuka har aka ji tsoron kada ciwon ya dawo. Abin da take maimaitawa shi ne, "Wa yac ce a taɓa kayan yarinya?"

Maikuɗi mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya zo ta'aziyya, ya duba gawar, ya ce ai babu abin da ya karye, minti biyar ya ishe shi ya mayar da kan, a murɗa, ya tashi garau. An gode masa. Jatau ya ce ya sani zai tashi, amma da ƙarfin wani zai tashi.

Marigayin ya rasu ya bar maigidansa Jatau da uwar ɗakinsa Kubura, da Inna Nagode wadda ya fanshe ta ko bai fanshe ta ba, Allah ne masani. Ya bar ƙannensa goma sha ɗaya, duk suna zaman gudun hijira a gidan Yohanna: biri mai ganga, wanda ke jinyar hannu, sojojin roba huɗu, ɗaya ba bindiga, ɗaya kare ya taɓa tauna masa hula, wani kore mai ƙaya a baya da aka ce dodon teku ne a ƙasarsu, motar 'yan kwana-kwana mai ƙafa uku, wani ɗan zamani mai batir, mai yawan surutu, wanda marigayin bai taɓa shiri da shi ba, da sauran uku da ba su yi abin da za a ambace su da shi ba. Ya kuma bar kwalinsa, da rubutun da har yanzu ba a karanta ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa. Kawu ya yi gargaɗi, an kuma karɓa: babu wanka, babu salla, babu kabbara, gwangwani gwangwani ne. Addu'ar da za a yi ta Lantana ce. Masu rakiya su hallara a ƙofar gidan Jatau da hantsi. Zai ɗauki mutum goma a mota zuwa bakin tafki ta hanyar Maradun, inda Barau mai jirgi zai jira. Jirgin mutum shida yake ci, saura su tsaya a gaɓa.

Ana roƙon duk wani dattijon Tungar Manu da ke iya duban duwatsun ƙetare ya ce nan ne gari, nan ne gabas da gari, don Allah ya daure ya zo. Jatau ya shiga jirgi sau uku cikin makon nan yana neman saitin maƙabartar. Ruwa ne ko'ina, iri ɗaya, bai gane wurin ba.

Idan ba a samu mai nunawa ba, za a tsaya inda zuciya ta fi kwanciya. Kubura ce za ta sake shi, da hannunta, haka ta nema kuma ba wanda ya ja. Ta ce za ta murɗa makullin har ya ƙi juyawa, murɗin taku talatin cif, ta riƙe ƙafafunsa gam tunda birki babu, ta sunkuya ta sa shi cikin ruwa sannan ta buɗe hannu. In an yi kuskuren wuri, in ji ta, idan ya isa ƙasa sai ya ƙarasa wurin yarinyar da ƙafarsa.